Ku Tambayi Mai Awo: Sensa a Ƙafar Mai Zamiya Kan Ruwa

A fitowar da ta gabata na ce wayar da ke aljihunka ta san ko a tsaye kake ko a kishingiɗe, kuma da irin abin da ke cikinta ake auna motsin 'yan wasa a ƙasashen waje. Ashe gidan rina na taɓo. Na zaɓo wasiƙu uku. Ta farko za ta cinye yawancin filin, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, ina karanta injiniyancin lantarki. Na ga bidiyon wani wasa inda jirgin ruwa ke jan mutum da igiya, shi kuma yana tsaye kan allo guda yana zagaye wasu ƙwallaye da ke kan ruwa. Ina so aikin kammala karatuna ya zama na'urar da za ta auna yadda yake yi, ta kuma gaya masa kuskurensa. Abokaina sai dariya suke mini, wai a Zariya wa ke wannan wasa. Me zan auna, da me, kuma a ina zan gwada?
Ɗalibi daga Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka suna da rabin gaskiya. Na fi shekara ashirin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a nan Samaru, ban taɓa ganin an ja mutum da igiya a dam ɗin Kubanni ko a kogin Galma ba. Amma garin da ake koyar da tuƙin jirgin sama tun 1964 bai kamata ya yi mamakin na'urar auna karkata ba. Danginta ne ke gaya wa matuƙi ko fukafukansa a daidai suke idan hazo ya rufe masa ido.

Sau ɗaya na taɓa hawa wannan allo, a Legas, lokacin da aka tura ni wani kwas ina saurayi. Mai jirgin ya sa mini alluna biyu irin na 'yan koyo, ya ce in tsuguna cikin ruwa in bar jirgi ya tashe ni. Sau huɗu ina shaƙar ruwan gishiri ta hanci. A na biyar na miƙe, na yi kamar minti ɗaya, har na ɗan ratsa gefe. Na fito ina cika baki wai na kwantar da jiki kamar ɗan acaɓa yana shan kwana a PZ. Sai abokina ya nuna mini hotunan da ya ɗauka. Ga ni nan a sanƙare kamar turke, ƙugu a baya, hannuwa a lanƙwashe, ban karkata ko na taƙi ɗaya ba. Tun daga ranar na daina yarda da shaidar da jiki ke ba mai shi. Wannan shi ne duk amfanin na'urarka: abin da mai wasa ya ji ya yi daban, abin da ya yi daban, kai kuma za ka tsaya tsakaninsu da lambobi.

Kafin ka sayi ko wayar lantarki ɗaya, ka san wasan. Wani saurayi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, shi ya fara shi a 1922 a tafkin Pepin da ke jihar Minesota a Amurka, da katako biyu da igiyar shanya, ɗan'uwansa na tuƙa jirgin. Wanda ka gani a bidiyo, na allo guda, shi ake kira silalom. Ƙwallayen nan ni gora nake ce musu, don aikinsu ɗaya da goran masunta: su yi ta yawo a bisa ruwa. Guda shida ake zagayewa, uku a dama uku a hagu. Tsawon filin mita 259 ne, kowace gora tana nesa da tsakiyar hanyar jirgi da mita 11.5, kuma daga wannan gora zuwa ta gaba mita 41 ne a tsaye. A babbar gasa jirgin maza yana gudun kilomita 58 a awa, na mata 55. Yi lissafin da kanka: a gudun 58, jirgi na gama filin a daƙiƙa 16.08. Wato daga gora zuwa gora daƙiƙa biyu da rabi kawai. Cikin wannan ɗan lokaci mutum zai juya, ya kwanta da igiya, ya tsallake sawun jirgi (tudun ruwan da jirgin ke bari a bayansa), ya sauya gefen allo, ya miƙa hannu, ya sake juyawa. Wane ido ne zai rarrabe wannan?

Sannan duk wanda ya gama gora shida, sai a rage masa igiya. Daga mita 18.25 a koma 16, sai 14.25, sai 13, sai 12, sai 11.25, haka har ƙasa. Ka lura da 11.25 ɗin nan: igiyar ta riga ta gaza kai wa gora, sai mutum ya cika sauran da tsawon hannunsa da jikinsa. Ba'amurke Nate Smith ya zagaye gora biyu da rabi da igiya mai mita 9.75 a 2013, ya kafa tarihin duniya. Da na fara jin wannan sai da na ɗauko tef na auna a tsakar gida, don ban yarda ba.

To me za ka auna? Yawancin ɗalibai allo suke fara ruga wa. Ni da igiya zan fara, don ita ce ba ta iya ƙarya, kuma na'urarta a cikin jirgi za ta zauna, ba a ruwa ba.

Abu biyu ake so daga igiya: ƙarfin ja, da kusurwar da ta yi da jirgi. Ƙarfin ja ana auna shi da ɗan ƙarfen da ke cikin sikelin zamani, wanda ke ɗan tanƙwara in an ja shi, wasu siraran wayoyi da aka manna masa su mayar da tanƙwarar zuwa lantarki. Ka nemi mai siffar harafin S, mai ɗaukar kilo 500 zuwa sama. Kada ka ce ai mutumin kilo 70 ne ka sayi ƙarami. Gwani idan ya kwanta da igiya, jan yana ninka nauyinsa, fizga kuma ta fi haka. Ka ƙara wata igiyar tsaro da za ta kewaye ƙarfen, ko da zai karye. Ana haɗa ƙarfen da ɗan allon lantarki mai suna HX711, wanda ke mayar da lantarkin zuwa lambobi. Shi wannan yakan zo a kan karatu 10 a daƙiƙa, amma yana iya 80 idan ka sauya haɗin ɗaya daga cikin 'yan ƙafafunsa na ƙarfe. Ka sauya. Goma ba za ta kama fizga ba.

Kusurwar kuwa aikinta ya fi sauƙi. Igiyar a jikin wani sanda take a tsakiyar jirgi. Ka sa ɗan hannu mai bin igiyar, a gindinsa ka ɗaura irin abin murɗa ƙarar rediyo. Igiya ta yi dama ya murɗa dama, ta yi hagu ya bi ta. Da ka san tsawon igiya ka san kusurwa, ka san inda mariƙin igiyar yake. In da mariƙin ne zai kai kan gora, da igiya mai mita 18.25 digiri 39 kawai zai buɗe, amma da mai 13 sai ya kai wajen 62. Mutum ya zama lilo ke nan a bayan jirgi, kuma kowane ragi na igiya yana tilasta masa ya yi sama da lilon.

Idan ka jera zanen ja a kan zanen kusurwa, za ka ga abin da kociyoyi ke ta faɗa da baki. Mai kyau, jansa yana hawa a hankali bayan ya bar gora, ya cika daidai bayan jirgi, sannan ya sauka ba tare da ya mutu ba. Ɗan koyo yakan yi ɗayan biyu. Ko ya fizga da duk ƙarfinsa yana barin gora, jirgi ya miƙar da shi tsaye tun bai kai tsakiya ba. Ko kuma ya ci gaba da ja har bayan ya tsallake sawun jirgi, ya iso gora da gudun da ya fi ƙarfinsa, igiya ta yi sako-sako. A zanenka za ka ga layin ya faɗi sifili, sai kuma ya yi tsalle kamar an soka masa allura. Wannan tsallen shi ke ciwon kafaɗa da baya. Ka tambayi mai wasan, zai rantse maka da wuri ya saki.

Yanzu allo. A nan za ka manna ɗan guntu irin MPU-6050, wanda bai kai akwatin ashana ba. Ma'auni biyu ne a cikinsa: ɗaya yana jin hanzari, ɗaya yana jin saurin juyi, kowanne ta fuska uku. A nan kuma tarkon yake, wanda na ga ya kama ɗalibai da dama. Za ka ɗora shi a tebur ka karkata shi, ma'aunin hanzari ya ba ka digiri daidai, ka yi murna. A tebur nauyin jawowar ƙasa kaɗai yake ji, shi ya sa. Amma ba ya iya bambanta jawowar ƙasa da turin da kwana ke yi. Ɗan acaɓa yana kwance a shataletale, ma'aunin da ke kan tankinsa zai ce maka kusan a tsaye yake. Haka allon zamiya a gora, daidai inda kake neman amsar. Ma'aunin juyi shi ba ya ruɗuwa da kwana, amma yana da nasa halin: ɗan kuskurensa taruwa yake yi, bayan mintuna ka ga ya ce allon da ke ajiye yana juyawa. Shi ya sa ake aurar da su biyun da lissafi, kamar tacen Kalman, wanda Rudolf Kalman ya wallafa a 1960.

Sa'arka ɗaya ce: wasan daƙiƙa 16 ne. Kafin a shiga ruwa ka ajiye allon cak na 'yan daƙiƙu, ka rubuta abin da ma'aunin juyi ke faɗa alhali ba motsi, ka riƙa cire shi. A ɗan gajeren lokaci irin wannan ba zai yi nisa da ɓata ba, don haka ka fi jingina da shi. Ka buɗe ma'aunin hanzarin zuwa iyakarsa ta 16g, wato ninki 16 na jawowar ƙasa, don allo yana dukan sawun jirgi da ƙarfi. Karatu 100 a daƙiƙa ya isa. Tsakanin gora da gora kana da 250 ke nan.

Me allon zai gaya maka? Zurfin karkata, da ɗaga hanci (mai tsoro yakan koma kan ƙafar baya, hancin allo ya tashi, ya riƙa huɗar ruwa kamar garma), sai kuma wanda ya fi duka: lokacin da mutum ya sauya daga wannan gefen allo zuwa wancan, in ka gwada shi da inda igiya take. Akwai kuma abin da za ka gani ga kowa, har gwanaye. Tun da ƙafa ɗaya ce a gaba ɗaya a baya, juyin dama da na hagu ba sa zama iri ɗaya. Kowa yana da gefen da ya fi masa daɗi. Ka ɗora zanen gora ta 1, 3, 5 a kan na 2, 4, 6, bambancin zai fito fili. Ko wannan kaɗai ka yi, aikinka ya ci sunansa.

Abu biyu zan ce ka bari. Na farko shimfiɗar takalmi mai auna taku: tana da amfani, amma tsada da ruwa za su ci kuɗinka. Na biyu GPS na waya. Sau ɗaya yake magana a daƙiƙa, jirgi kuwa yana cin mita 16 a daƙiƙar, kuma kuskurensa na iya kai 'yan mitoci. Ɗigo 16 za ka samu a duk filin. Su can jiragen gasa suna da nasu: Zero Off yana riƙe gudun jirgi da GPS, SurePath kuma yana bin hanyar jirgin da GPS mai daidaito har santimita, don a tabbatar direba bai ratsa ya taimaki wani ko ya cuce shi ba. Wannan ba aljihunka ba ne.

Kada ka dogara da Bluetooth. Ruwa yana shanye siginarsa, allon kuma rabin lokaci a jiƙe yake ko a nutse. Ka sa ƙaramin allon kwamfuta irin ESP32 ko Arduino ya rubuta komai a katin memori, cikin roba mai murfin da ba ya yoyo, ka liƙa mata abin da zai taso da ita mai launi mai haske. Kuma tun da na'ura biyu ne da kyamara ɗaya mai ɗaukar bidiyon wasan, kowacce da agogonta, kafin a fara ka ƙwanƙwasa allon sau uku a gaban kyamara, ka fizgi igiyar sau uku. Da waɗannan alamu za ka jera su daga baya. Wanda ya manta wannan ya tara lambobi ne marasa uba.

A ina za ka gwada? A tudu tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aunin ja, ka rataye shi a reshen mangwaro mai ƙarfi, ka ɗora masa abin da ka san nauyinsa: buhun siminti kilo 50 ne, lita 25 ta ruwa kilo 25 ce ban da nauyin jarkar. Ka ƙara ɗaya bayan ɗaya, ka rage ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko yana komawa inda ya taso. Na allon kuwa, ka nemi lilon yara a wata makarantar firamare, ka ɗaure shi a mazaunin, ka zana digiri a kwali a baya, ka ɗauki bidiyo. Za ka ga da idonka lilo ya yi sama digiri 40, ma'aunin hanzari yana cewa kusan sifili. Ranar da lissafinka ya yi daidai da kwalin, ranar ka cancanci neman jirgi. Kada ka kai injin fetur Kubanni da kanka. Ruwan sha ne na jami'a, yana da masu shi. Ka shirya tafiya ɗaya Legas ko wani babban tafki da ake da jirgi da wanda ya iya, kwana biyu sun isa.

Saura maganarka ta cewa na'urar "ta gaya masa kuskurensa". Wannan ka cire ta daga taken aikin. Na'urarka za ta ce igiya ta saki a daƙiƙa ta bakwai. Ba za ta san ko don ya makara ne, ko don ya ji tsoro, ko don gwiwarsa na ciwo ba. Wannan aikin koci ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kai ka yi alkawarin abin da za ka iya karewa a gaban malamanka: zane mai tsabta, da ya dace da bidiyo, wanda koci zai kalla cikin minti ɗaya ya nuna da yatsa ya ce "ka gani nan?"

TAMBAYA: Malam, ni ban san wasan ruwa ba, da doki na tashi, kuma shekara da shekaru ina fita Hawan Daushe. Dokina kamar yana ɗingishi kamar ba ya yi. Yarana sun ce lafiyarsa lau. Abin nan naku zai raba mu?
Dattijo daga cikin birnin Zariya

AMSA: Allah ya ja da ran Baba. Zai iya, kuma likitocin dawaki a ƙasashen waje suna amfani da irinsa. Sukan ɗora ɗaya a tsakanin kunnuwa, ɗaya a kan kuturi, a ja dokin yana sassarfa a miƙe. Doki mai ciwon ƙafar gaba yakan ɗaga kai idan mai ciwon ta taka, ya sauke idan lafiyayyar ta taka. Baba ya fi ni sanin wannan. Abin da na'urar ta ƙara shi ne tana kama bambancin tun yana 'yan milimita. A yi gwajin ba sirdi ba kayan ado, a ƙasa mai tauri. Amma ba za ta ce ƙaya ce ko kofato ko gaɓa ba. In Baba ya ce yana ɗingishi, ni kam na fi karkata ga Baba a kan yaran. A kai shi asibitin dabbobi kafin Salla ta matso.

TAMBAYA: Malam, tun da ɗana mai shekara 14 ya karanta shafinka, ya dame ni wai in ba shi wayata ya ƙulle a leda ya je dam da abokansa su yi "gwaji". In ba shi?
Uwa daga Tudun Wada

AMSA: A'a, Hajiya, kuma ba don wayar kaɗai ba. Ko wayar da aka rubuta wa IP68, wato alamar tana jure ruwa, a ruwa mai kwanciya aka gwada ta, ba da faɗuwa da gudu ba, balle leda. Amma babbar damuwata yaron ne. Dam yana da laka da zurfin da ba a gani daga baki. Masu wasan da muke magana ba sa shiga sai da rigar ceto, da direba, da wani mutum na uku a jirgi da ba ya da aiki sai kallon wanda ake ja. Ga kuma tsargiya, da ake ɗauka a irin wannan ruwa mai kwanciya inda dodon koɗi ke zama. Idan ya riga ya saba wanka a can kuma kika ji maganar jini a fitsari, asibiti za ki kai shi, maganin yana nan.

Sha'awar tasa kuwa kada a kashe ta. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, daga jami'ar Aachen ta Jamus, da ke nuna abin da ma'aunan waya ke ji. Ki sa masa wayar a cikin safa mai kauri, ya ɗaure da igiya mai tsawon mita ɗaya, ya rataya a ƙofar ɗaki, a shimfiɗa katifa a ƙasa. Ya tura ta a hankali, ya duba zanen, ya gaya miki daƙiƙa nawa take yi ta je ta dawo. Idan ya ce kusan biyu, ki turo mini shi ranar Asabar. Ina da ma'aunin ja da ke neman mai rataya masa jarkoki.